Wajabcin Bayyana Rajistar Kasuwanci a Kan Masu Sayarwa ta Intanet: Nazari Daga Araba ta Ƙasar Illela

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba abin da doka ta ɗora wa mai sayar da kaya ta intanet dangane da bayyana sunansa da lambar rajistarsa ga masu saye, sa'an nan mu auna wannan doka da yanayin ciniki a wani gari na bakin iyaka. Garin da muka zaɓa shi ne Araba, a cikin Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, wanda ke daf da iyakar Nijeriya da Jumhuriyar Nijar, yana fuskantar ƙasar Birnin Ƙonni. Dalilinmu kuwa shi ne, a irin wannan wuri mai saye da mai sayarwa suna iya kasancewa harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, watakila ma dangin juna ne, amma kuma kowannensu yana ƙarƙashin dokar ciniki dabam, yana kuma riƙe da kuɗi dabam, ɗaya naira, ɗaya sefa. Abin da muke son nunawa shi ne, wannan wajabci magaji ne ga aikin da dillali ya daɗe yana yi a kasuwar Hausa, kuma har yanzu bai kai ga cike gurbinsa ba.

2.0 Dillali da sanin wanda ake ciniki da shi

Kasuwar Illela ta yi suna wajen dabbobi da hatsi da albasa, kuma fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya sun daɗe suna haɗuwa a cikinta. Baƙon da ya kawo shanu kara ba ya sayar wa wanda bai sani ba kai tsaye. Yana sauka wurin maigidansa, watau fatoma, shi kuma ya haɗa shi da dillali. La'adar da dillali ke karɓa ba ladan surutu ba ce. Ladan jingina ce, domin in saniya ta fito ta sata, ko mai saye ya gudu da bashi, shi za a nema, in abin ya gagara a kai shi gaban sarkin kasuwa ko alƙali. Polly Hill ta bayyana wannan tsari a kasuwar shanu ta Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma ya bayyana shi a unguwar Sabo ta Ibadan a 1969, dukansu sun nuna cewa abin da ke riƙe da fataucin nesa na Hausawa shi ne samun mutum tabbatacce, mai gida da mutunci, wanda ba zai iya ɓacewa ba.

Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya su ma sun san matsalar. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa ga siffantawa, tare da sharuɗɗa game da biyan kuɗi kafin a ga kaya, domin gudun garari. Ciniki ta intanet kuwa, in muka duba da kyau, sayar da abin da ba ya nan ne bisa ga siffa, sai dai an ƙara masa wani garari wanda magabata ba su cika fuskanta ba: ba hajar kaɗai ce ba ta nan, har shi mai hajar ba ya nan. Saurayi a Araba yana iya ɗaukar hoton raguna gab da Babbar Salla, ya sa a WhatsApp ko Facebook, wani a Legas ko Tawa ya tura masa kuɗi, ba tare da ɗayansu ya san sunan ɗaya na gaskiya ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Abubuwa biyu sun ƙara ingiza mutane cikinsa. Na farko rufe iyaka, wanda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 (Illela na cikin ƙofofi huɗu da aka fara buɗewa), aka kuma sake yi bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Na biyu ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wanda ya koya wa masu yawa tura kuɗi ta waya ba don sun so ba.

3.0 Abin da dokar Nijeriya ta tanada

Rajistar sunan kasuwanci ba sabon abu ba ne. Ingila ta yi dokarta a 1916, Nijeriya ta yi tata a 1961, sa'an nan a 1990 aka haɗa ta cikin Dokar Kamfanoni da Al'amuran da Suka Danganta, wadda ta kafa Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC. Dokar da ke aiki yanzu ita ce wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta 2020. Ta wajabta wa duk mai kasuwanci da wani suna wanda ba sunansa na gaskiya ba ya yi rajista cikin kwana 28 da fara kasuwancin, sashe na 863 kuma ya mai da yin kasuwanci da irin wannan suna ba da rajista ba ya zama laifi. Da wannan sashe ne hukumar ta kafa hujja a 2024 sa'ad da ta umarci masu sana'ar POS su yi rajista. Bayan rajista sai bayyanawa: wanda aka yi wa rajista zai rubuta sunansa na gaskiya da lambar rajistarsa, a rubutu mai karantuwa, a kan kundin hajarsa da takardun talla da katunan nuna kaya da wasiƙun kasuwanci. Kamfani kuwa zai kafa sunansa da lambarsa a ƙofar ofishinsa da kan takardunsa.

Akwai kuma Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018, wadda ta fara aiki a 2019, ta kafa hukumar FCCPC. Ita ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, ta kuma nemi mai sayarwa ya ba da rasit mai ɗauke da cikakken sunansa ko sunan da ya yi wa rajista, da adireshin wurin da kaya suka fito, da kwanan wata da farashi, matuƙar yin hakan mai yiwuwa ne.

A nan ne muke so mu ɗan tsaya, domin akwai wurare biyu da lafazin doka ya yi karo da al'adar wurin da muke nazari. Na farko shi ne togaciyar sunan gaskiya. Doka ta ɗauke rajista daga kan mutumin da ke ciniki da sunan zuriyarsa, ba da ƙarin kome ba sai sunansa na yanka ko haruffansa na farko. Wannan tanadi an gina shi ne bisa ga tsarin sunayen Turawa, inda sunan zuriya ke bin gida kaka da kakanni. Bahaushe kuwa sunansa na biyu yana iya zama na mahaifinsa, ko na garinsu, ko na sana'arsa. Wanda takardar shaidarsa ta ce Wane ɗan Wane, amma duk kasuwa ta san shi da Alhaji Wane Mai Albasa, ko Wane Araba, da wane suna yake ciniki? In muka bi lafazi, "Mai Albasa" ƙari ne, saboda haka rajista ta hau kansa. In muka bi al'ada, wannan laƙabi shi ne ainihin abin da ke bambanta shi da sauran masu sunansa, wanda ya boye shi kuwa shi ne ya ɓad da kama. Ga kuma ɗaya fuskar: mutumin da ya buɗe shafi da sunan yanka da na uba kawai, waɗanda ɗaruruwan mutane ke amsawa tsakanin Gwadabawa da Ƙonni, ya fita daga wajabcin rajista, alhali mai saye bai ƙaru da kome ba. Togaciyar ta sassauta a inda haɗari ya fi yawa.

Na biyu shi ne jerin wuraren da za a rubuta lambar. Kundin haja da katin nuna kaya da wasiƙa duk kayan zamanin takarda ne. A ganinmu hoton kaya da farashi da aka watsa wa jama'a ta waya takardar talla ce a ma'ana, ko da ba a buga ta a maɗaba'a ba, kuma hikimar dokar ta shafe ta. Amma mafi yawan tallan da ake yi a wurare irin Araba saƙon murya ne, domin da yawa daga masu sayarwa da masu saye ba su karanta boko, wasu sai ajami. Dokar da ta ce a rubuta cikin haruffa masu karantuwa ba ta da abin cewa ga tallan da aka yi da baki.

4.0 Ƙetaren iyaka

Mai saye daga Ƙonni yana ƙarƙashin wani tsari. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port Louis a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci, galibi a ƙasashen da Faransa ta raina. A can ɗan kasuwa yana shiga rajistar da ake kira RCCM, kuma dole ya rubuta lambarsa da wurin da aka yi masa rajista a kan rasit da takardun oda da wasiƙunsa. Gyaran da aka yi wa wannan doka a Lome a 2010 ya ƙirƙiro matsayi na musamman ga ƙaramin mai sana'a, wanda ba a neman kome daga gare shi sai ya sanar da hukuma sana'arsa, a ba shi lamba. A 2010 ɗin dai ƙungiyar ECOWAS ta zartar da ƙarin doka a Abuja kan mu'amala ta na'ura, wadda ta ce mai ciniki ta intanet ya sa sunansa da adireshinsa da lambar rajistarsa a inda kowa zai same su cikin sauƙi, kai tsaye, a kowane lokaci. Wannan ƙa'ida ce da ta haɗa ɓangarorin iyakar biyu, amma Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairu 2025. Lambar CAC ba ta gaya wa mutumin Ƙonni kome, domin shafin binciken hukumar da Ingilishi yake, shi kuwa in ya yi boko da Faransanci ya yi. Lambar RCCM ita ma haka take ga mutumin Illela. In kuma an cuce shi, kotun da zai kai ƙara tana bayan shingen kwastan.

Ƙasashen da suka rigaye mu sun ambaci intanet da sunanta. Tarayyar Turai, a umarninta na shekarar 2000, ta wajabta suna da adireshin wuri da adireshin imel da lambar rajista. Afirka ta Kudu ta yi irin wannan a 2002. Amma misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na ƙasar Sin, wadda dokarta ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2019. Ta ce a nuna lasisin kasuwanci a fili a shafin farko, sa'an nan ta ɗauke rajista daga kan wanda ke sayar da amfanin gonarsa, ko aikin hannu na gida, ko yake ɗan ciniki jefi-jefi, amma ta ce shi ma ya bayyana cewa yana cikin waɗanda aka ɗauke wa. Ta kuma ɗora wa masu dandalin ciniki nauyin tantance waɗanda ke sayarwa a kansu. Watau togaciyar tana bin girman ciniki ne, ba siffar suna ba, kuma wannan ya fi dacewa da manomin albasa ko matar aure mai sayar da turaren wuta daga cikin gida.

5.0 Iyakar amfanin lamba

Kada a ɗauka lambar rajista shaidar amana ce. Hukuma ba ta bincika halin mutum kafin ta ba shi, abin da take tabbatarwa kawai shi ne akwai wani mai wannan suna, da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa, da adireshin da ya bayar. Macuci yana iya kwafe lambar wani ya liƙa a shafinsa. Amfaninta yana fitowa ne in mai saye ya yi abu biyu: ya nemi lambar a shafin hukumar, wanda kowa ke iya dubawa kyauta, sa'an nan ya gwada sunan da ya fito da sunan asusun bankin da aka ce ya tura wa kuɗi. In suka saɓa, ya dakata. Dillali yana biya in ciniki ya lalace, lamba kuwa ba ta biya, iyakacinta ta nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Gwamnatin Tarayya ta gwada jawo ƙananan 'yan kasuwa ta hanyar rahusa. A 2018 an rage kuɗin rajistar sunan kasuwanci daga naira 10,000 zuwa 5,000 na wani lokaci, a 2020 kuma aka yi shelar rajista kyauta ga sunaye 250,000. Mu dai muna ganin kuɗi ba shi ne babban shinge ba a bakin iyaka. Tsoron haraji da rashin karatun takardun sun fi shi nauyi, ga kuma cewa ɗan kasuwa bai ga abin da lambar za ta ƙara masa a idon abokin cinikin da bai san ma'anarta ba. Don haka muke ba da shawarar a bi ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwar Illela da sarakunan sana'a, waɗanda sun riga sun san kowa da gidansu, su riƙe jerin mambobinsu masu sayarwa ta waya, da laƙabin kowa da sunansa na takarda da lambarsa in yana da ita. Mai tallan murya kuma ya faɗi waɗannan da bakinsa a farkon saƙo, cikin Hausar da ake ji a Araba da Ƙonni baki ɗaya.