Gidan Okobaba: Mafakar da Ta Zama Unguwa

A bakin ruwan Ebute Metta, kusa da inda masu yankan katako suka daɗe suna sana'a, akwai gidan gajiyayyu na Okobaba. Gwamnatin jihar Legas ce ta gina shi a zamanin mulkin soja, domin ta kwashe mabarata daga titi ta ba su wurin kwana. Yawancin mazaunansa 'yan Arewa ne, da Hausa ake magana a ciki, kuma makafi da guragu da kutare kowane rukuni da sarkinsa, kamar yadda aka saba a Kano da Zariya.

Tushen lamarin ya girmi ginin nesa ba kusa ba. Tun da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fatake suka riƙa sauko da shanu, su koma da goron Agege. Inda fatake suka yada zango kuwa, nan mai neman sadaka yake bi, don ya san zai tarar da mai jin harshensa, mai fitar da zakka. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya ƙaro jama'a. Daga baya rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga suka koro wasu.

Gidan ya yi rana. Wanda a da yake kwana ƙarƙashin gada ya sami rufi, in rigima ta tashi akwai sarkin da zai sasanta, in an yi rasuwa akwai masu sutura. Masu hannu da shuni, Musulmi da Kirista, sun san ƙofar da za su kai shinkafa da tufafi, musamman da azumi.

Sai dai a ganina an gina ɗaki ne, ba a gina abin yi ba. Sadaka tana zuwa yau, gobe babu, dole a fita bara, ga shi dokar Legas ta hana, mahukunta na kame. Aka yi aure a ciki, aka hayayyafa, ɗakuna suka yi kaɗan, cunkoso da ƙazanta suka biyo baya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran. Lafiyarsu lau, a Legas aka haife su, wasunsu Yarabanci a bakinsu kamar Hausa. Amma uba makaho yana bukatar ɗan jagora, kuma lokacin da ake buga ƙararrawar makaranta shi ne lokacin da ake fita da sanda zuwa bara a titin Kano na Ebute Metta.