Bargon Jariri Mai Hoton Kifi

'Yan'uwa mata na Moriki da kewaye, mai kwarashi da ulu tana iya yi wa jaririnta bargo kafin hunturu. Ba a saƙa shi gaba ɗaya. Ƙanana ake yi masu kusurwa huɗu, sannan a harhaɗa.

Ki ɗauki shuɗin ulu, shi ne ruwa. Ki yi sarƙa 4, ki haɗa ta zama zobe. Cikin zoben ki yi doguwar saƙa 3 da sarƙa 2, har sau 4. Inda sarƙa 2 take, nan ne kusurwa. A zagaye na gaba kowace kafa saƙa 3 take ci, amma kusurwa sau biyu za ki ba ta. In kin rage, zai lanƙwashe kamar ƙoƙo.

Kifin daban ake saƙa shi, a ɗinke a tsakiya. Turawa kan yi kifin teku. Mu kuwa karfasar gulbi ta ishe mu. Ki yi ido da baƙin zare, ban da maɓalli, don jariri kan cire ya haɗiye.

Yawancin ulun kasuwanninmu, har ta Shinkafi ran Alhamis, na roba ne. Wuta na narkar da shi ya manne a fata. Kada ki kwantar da yaro da bargon kusa da kaskon wuta.