Yadda Zamba Take Bin Hawa da Saukar Tattalin Arziki

Tattalin arzikin ƙasa yana da damina da rani kamar gona. Akwai shekarun da kuɗi ke yawo a hannun jama'a, akwai kuma shekarun da aiki ke ƙaranci, farashin kaya ya yi ta hauhawa. Mutane da yawa suna zaton zamba 'yar lokacin wahala ce kawai. Alhali kuwa kowane lokaci da irin zambarsa.

A lokacin wadata mutane sukan saki jiki. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya sami riba ba ya tsayawa tambayar inda ta fito. A nan ne mazambaci yake shuka. Yakan karɓi kuɗin waɗanda suka shigo yau ya biya waɗanda suka shigo jiya, ya ce riba ce, alhali babu wata sana'a a bayansa. Ana kiran wannan dabara da sunan Charles Ponzi, wanda a 1920 ya yi wa mutanen Boston ta Amurka alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45. Muddin sababbin mutane suna shigowa, asiri ba ya tonuwa.

Sai rani ya zo. Kowa ya buƙaci kuɗinsa a lokaci guda, sababbin masu zubawa kuma suka ɗauke ƙafa. Haka ta faru da Bernard Madoff a birnin New York. Ya yi shekaru yana wannan aiki, manyan bankuna da masu ilimi suna ba shi amana. Da kasuwannin kuɗi suka rushe a 2008, masu ajiya suka nemi biliyoyin daloli, shi kuwa ba shi da su. Aka kama shi a watan Disamba na wannan shekara, aka yanke masa ɗaurin shekara 150. Karayar tattalin arziki ba ita ta haifi zambarsa ba, ta dai janye ruwan ne har duwatsun ƙarƙashi suka bayyana.

Amma wahala ma tana haifar da tata zambar, kuma Nijeriya ta gani da idonta. Bayan wadatar man fetur ta shekarun 1970, farashin mai ya faɗi ƙwarai a 1986, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP. Darajar naira ta zube, masana'antu suka rage ma'aikata, matasa masu takardun shaida suka rasa aiki. A waɗannan shekaru ne wasiƙun "419" suka yawaita. Lambar ta sashen dokar laifuffuka ce da ya hana karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara. Abin ya yi ƙamari har aka kafa doka ta musamman a kansa a 1995, sannan aka kafa hukumar EFCC a 2003.

Tarihi ya sake maimaita kansa a 2016, shekarar da tattalin arzikin Nijeriya ya ja da baya. Wani shiri mai suna MMM ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda. Ma'aikatan da albashinsu ya daina isa, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, suka zuba abin da suke da shi, wasu har da kuɗin makaranta. A watan Disamba aka rufe asusun jama'a. Hukumar inshorar ajiyar bankuna ta ƙasa ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18.

Saboda haka, a lokacin wadata sakaci da kwaɗayi ne ke buɗe wa mazambaci ƙofa, a lokacin wahala kuwa matsi ne. Ya ku ɗalibai, musamman masu barin makaranta bana, za ku sadu da lokatan nan biyu a rayuwarku. Duk wanda ya zo muku da maganar riba, ku tambaye shi abu uku. Wace sana'a ce ke kawo ribar? Wace hukuma ce ta yi masa rajista? Don me yake gaggauta ku, ko yake so ku kawo wasu? In ya kasa amsawa, ku riƙe kuɗinku. Haka nan kuma, in rashin aiki ya matsa muku, kada ku yarda a jawo ku cikin masu yaudarar. Magabata sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.