Mai Saƙar Da Ta Ƙi Shiga Instagram

Kusan kowace unguwa akwai irinta, wataƙila ma gwaggonka ce. Da ta gama aikin gida sai ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko kwarashi da ulu, rediyo na gefe. Kafin sanyin Disamba ya kankama ta tara hulunan jarirai da safa, yawanci kuma kyauta take kaiwa gidan suna.

Ka ce ta buɗe Instagram ta tallata kayanta, ko ta leƙa YouTube ta ga sabon yayi, sai ta yi dariya ta ce ƙaramar wayarta ta ishe ta. Keken saƙa ma ba ta so, alhali ba baƙon abu ba ne, tun 1589 William Lee ya ƙera na farko a Ingila.

Kar ka yi saurin cewa ƙauyanci ne. Saƙa hutu ce a wajenta. Ranar da oda ta fara shigowa ta waya, ana sa mata wa'adi, hutun ya koma aiki. Kuma har yau inji bai iya saƙar kwarashi yadda hannu ke yi ba.

Abin tsoron ɗaya ne: duk ƙirgen da salon a kanta suke, ba a rubuce ba. In ido ya yi rauni, shi ke nan sun tafi. To kai mai babbar waya, daina matsa mata. Je ka zauna, ka nemi izininta ka ɗauki hannunta kawai a bidiyo, ka rubuta ƙirgen. In ta miƙo maka kwarashin, karɓa.