Sassaƙar Allo a Birnin Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Sassaƙa ita ce sarrafa itace, wanda Sakkwatawa ke kira icce, domin samar da kayan amfanin yau da kullum, kamar turmi da taɓarya da akushi da ƙota da kujera. Daga cikin waɗannan kayayyaki, allo yana da matsayi na musamman a Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, wanda kuma ya shahara da malamai da makarantun allo tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Masassaƙi kan yi aikinsa a zaure ko ƙarƙashin inuwa a ƙofar gida, 'ya'yansa na kallo suna koyo, domin galibi gadon sana'ar ake yi.

2.0 Zaɓen Itace

Ingancin allo daga itacensa yake farawa. Itacen da aka fi sani da wannan aiki shi ne aduwa, saboda yana da ƙarfi, namansa a matse yake, launinsa kuma da haske, don haka baƙar tawada take fita raɗau a kansa. Itace mai taushi yakan tsotse tawada har haruffa su baje, yaro ya kasa bambance ɗigon wannan harafi da na wancan. Ƙirya kuwa, duk da ƙarfinta, nauyi da duhun launinta sun sa ta fi dacewa da turmi da taɓarya.

3.0 Busarwa

Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ne dalilin da ya sa masassaƙin kirki ba ya gama allo da ɗanyen itace. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, kuma yayin da ruwan ke fita, itacen yakan tsuke. Idan fuska ɗaya ta riga ɗaya bushewa, sai allon ya lanƙwashe. Idan bakinsa ya riga cikinsa bushewa, sai ya tsage. Matsalar ta fi tsanani a Sakkwato, inda iskar hunturu ke da tsananin bushewa, zafin bazara kuma kan haura digiri 40. Saboda haka, bayan an faskara gungume falle-falle, a inuwa ake jera shi, a saka 'yan itatuwa tsakanin falle da falle domin iska ta ratsa ko'ina daidai. Ana kuma guje wa tsakiyar gungume da gurbin da reshe ya fito, domin nan ne tsaga ta fi farawa.

4.0 Matakan Sassaƙa

Da farko ana rage kaurin fallen da gatari. Sannan a ɗauki gizago a riƙa feƙe fuskokin biyu a hankali, ana bin yadda jijiyoyin itacen suka kwanta. Wanda ya sara ta inda suka saɓa, zai ɓantare allon ya bar rami. Daga nan sai a fitar da siffa: kai, wato mariƙi, da kafaɗu, da ƙasan da akan yanke kamar baka domin allon ya zauna a cinya ko ya jingina da bango. A ƙarshe a kankare da wuƙa, a goge da samfefa har sai alƙalami ya iya tafiya ba tare da tuntuɓe ba. Allon zayyana, wanda ake ƙawatawa domin saukar karatu, akan kai shi wurin baduku ya naɗe kansa da fata.

Waɗannan ƙa'idoji su ne kafinta ke bi idan zai yi katakon yanka nama da kayan miya, sai dai shi zarto yake amfani da shi, kuma yakan bar katakon da kauri domin ya jure sara.

5.0 Matsalar da Sana'ar ke Fuskanta

Aduwa ba ta saurin girma, ga shi ana saranta domin itacen girki da gawayi, alhali 'ya'yanta abinci ne, ganyenta kuma abincin dabbobi. Sakkwato na cikin jihohi 11 na Arewa da ke fama da gurgusowar hamada, waɗanda aka kafa hukumar ƙasa ta shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2015 domin su. Idan nagartaccen itace ya yi wuya, masassaƙi kan koma ga ɗanye ko mai taushi, asarar kuma a kan ɗalibi take faɗawa, domin allon da ake wankewa a shanya kullum ba zai daɗe ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa zaɓe da busarwa su ne ginshiƙin allo, sassaƙa kuwa cikawa ce. Malamin da zai koyar da wannan darasi zai fi samun nasara idan ya kawo alluna biyu aji, mai kyau da lanƙwasasshe, ya bar ɗalibai su gano dalilin bambancin da kansu.

Jinga: A ziyarci masassaƙi a unguwa, a rubuto sunayen kayan aikinsa da itatuwan da yake amfani da su.