Kura da Shan Bugu: Rikicin Lasisi a Duniyar Manhajoji Masu 'Yanci

Manhaja mai 'yanci ita ce wadda marubutanta suka baje asalin rubutunta a fili, suka ba kowa izinin ya yi aiki da ita, ya duba yadda aka gina ta, ya gyara abin da bai yi masa ba, ya kuma raba wa wasu. Asalin rubutun kuwa shi ne jerin umarnin da mutum ke rubutawa da yaren kwamfuta kafin a mayar da shi abin da na'ura ke ganewa. Mai sayen manhajar kamfani kamar mai sayen dafaffen abinci ne, ya ci amma bai san abin da aka zuba a tukunya ba. A nan kuwa har tukunyar ake miƙa masa. 'Yancin da ake magana ba ya nufin kyauta, domin babu abin da ya hana a sayar da irin wannan manhaja. Abin da aka hana shi ne a ɗaure hannun wanda ya karɓa.

Tafiyar ta faro ne a 1983, lokacin da Richard Stallman, wani mai rubuta manhaja a jami'ar MIT ta Amurka, ya sanar da aikin GNU. A 1985 ya kafa gidauniyar Free Software Foundation, sannan a 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda sharaɗinsa ke cewa duk wanda ya gyara manhajar ya raba ta, dole ya saki gyaransa a ƙarƙashin lasisin da ya same ta. A 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, wadda yau ke cikin kowace wayar Android da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet.

Saɓani na farko ya fito fili a 1998. Wasu daga cikin 'yan tafiyar, ciki har da Eric Raymond da Bruce Perens, sun ga maganar 'yanci da haƙƙi tana korar 'yan kasuwa, sai suka kafa ƙungiyar Open Source Initiative suka koma tallata "buɗaɗɗen tushe", suna cewa amfaninsa shi ne inganci da sauƙin kuɗi. Stallman bai taɓa yarda da wannan suna ba, har yau. Sai dai lasisin da ɓangarorin biyu ke amincewa da su kusan ɗaya ne, don haka rigimar ta tsaya a fatar baki. Wadda ta fi ta zafi ta zo ne daga baya, kuma a kan kuɗi.

Ga yadda abin yake. Ƙaramin kamfani zai rubuta manhaja, ya sake ta kowa ya ɗauka, da fatan idan ta karɓu zai ci abinci da horarwa da gyara da kula da ita ga masu buƙata. Sai manyan kamfanonin da ke ba da hayar kwamfutoci ta intanet, irin su Amazon da Google da Microsoft, su ɗauki manhajar, su ɗora ta a kan na'urorinsu, su riƙa karɓar kuɗin haya daga dubban abokan ciniki. Ba su karya doka ba, lasisi ne ya ba su dama. Amma a idon mai manhajar, kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kamfanin MongoDB ya ɗauki mataki mai ƙarfi a watan Oktoba 2018, ya ƙirƙiro lasisin SSPL mai tsaurara sharaɗi ga masu ba da haya. Open Source Initiative ta ce wannan ba buɗaɗɗen tushe ba ne, tunda yana nuna bambanci tsakanin masu amfani. Elastic ya bi sahu a Janairu 2021, HashiCorp ya sauya lasisin Terraform a Agusta 2023, Redis kuma a Maris 2024.

Martanin jama'ar ya zo da makamin da lasisin asali ya tanadar musu, wato ɓallewa. Sabon lasisi ba ya komawa baya ya shafi abin da aka riga aka saki, don haka kowa na iya ɗaukar kwafin ƙarshe mai 'yanci, ya raɗa masa sabon suna, ya ci gaba da gini. Daga Elasticsearch, manhajar Elastic, aka samu OpenSearch, daga Terraform aka samu OpenTofu. Na Redis ya fi kowanne sauri: cikin kwanaki kaɗan wasu tsofaffin masu aikinta suka fito da Valkey a ƙarƙashin inuwar Linux Foundation, da goyon bayan Amazon da Google da Oracle. Hujjarsu ita ce, ɗaruruwan mutane sun ba da gudummawar gyara ne bisa yardar cewa aikin na kowa ne, saboda haka rufe shi bayan ya yi ƙarfi cin amana ne. Abin da ke ba da dariya shi ne, kamfanonin da aka yi sauyin domin a taka musu burki su ne suka fi kowa cin gajiyar ɓallewar. Elastic ya dawo ya ƙara lasisin AGPL mai 'yanci a Agusta 2024, Redis ma ya yi haka a Mayu 2025, amma rassan da suka ɓalle ba su koma gida ba.

Waɗannan dai kamfanoni ne masu lauyoyi da masu zuba jari. Matsalar ta fi muni a wajen ƙananan manhajojin da mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da su da daddare bayan sun taso daga aiki, ba albashi, alhali duniya duka ta jingina da su. Labarin XZ Utils ya isa misali.

XZ ƙaramar manhaja ce ta matse fayil don ya rage girma, kuma da wuya a sami Linux da babu ita. Shekara da shekaru Lasse Collin ne kusan shi kaɗai ke kula da ita. Wajen 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu kyau. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka dinga matsa wa Collin da saƙonni, suna cewa aikin ya tsaya, ya kamata ya ba wani dama. Collin, wanda ya riga ya bayyana cewa ya gaji, ya ja Jia Tan a jiki har ya ba shi ikon fitar da sababbin zubi. Sai da aka shafe fiye da shekara biyu ana wannan haƙuri kafin a dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa a zubi na 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta iya ba mai mabuɗinta damar shiga kwamfutocin mutane daga nesa ba tare da izini ba.

Asirin ya tonu ne ta hanyar da ba wanda ya tsara. Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aiki a kan manhajar PostgreSQL, yana gwajin wani abu daban sai ya lura shiga kwamfutarsa ta hanyar SSH, wato manhajar shiga daga nesa, tana jinkiri da kimanin rabin daƙiƙa, tana kuma cin ƙarfin na'ura fiye da kima. Wani da ya ɗauka matsalar layi ce ya wuce. Shi kuwa ya bi diddigi har ya kai ga XZ, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris 2024, kafin gurɓataccen zubin ya shiga manyan nau'o'in Linux da kamfanoni ke aiki da su.

Kowane ɓangare ya sami abin kafa hujja. Masu goyon bayan buɗaɗɗen tushe suka ce da rubutun a rufe yake, Freund ba zai iya bin sawu ba. Masu suka suka ce sa'a ce kawai, kuma wannan ba shi ne karon farko ba: a 2014 ramin Heartbleed ya nuna cewa OpenSSL, mai tsare sirrin shafuka masu yawan gaske, tana rayuwa ne a kan gudummawar da ba ta taka kara ta karya ba, a Disamba 2021 kuma wani rami a manhajar Log4j ya hana ma'aikatan tsaro barci a duk duniya. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, amma ta biyun ta fi nauyi, domin buɗe rubutu ba ya nufin akwai mai karanta shi.

Gwamnatoci sun fara shigowa. Jamus ta kafa asusun Sovereign Tech Fund a 2022 domin biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji na tushe. Tarayyar Turai kuma ta yi dokar Cyber Resilience Act, wadda ta fara aiki a Disamba 2024. Daftarinta na farko ya tayar da hankalin gidauniyoyi irin su Apache da Eclipse da Python, saboda tsoron za a ɗora wa 'yan sa kai alhakin da ya kamata kamfani ya ɗauka. Bayan doguwar muhawara aka gyara ta, nauyin ya koma kan wanda ya saka manhajar cikin kayan da yake sayarwa, aka kuma ware wa gidauniyoyin wani matsayi mai sauƙin sharuɗɗa. Yawancin tanade-tanaden dokar za su fara hawa kan kamfanoni a Disamba 2027.