Kafin a Kai Teɓa Gaban Wuƙar Likita

A Yamai ƙiba ba ta taɓa zama abin kunya ga mace ba. Zabarmawa suna da al'adar hangandi, inda mace ke ɗura wa kanta abinci don ta yi jiki, mu Hausawa kuma muna da jego da kunun kanwarsa da gasasshen namansa. Duk wanda ya taɓa halartar biki ko taro a Gaweye, daga otal ɗin da ke kallon Gadar Kennedy zuwa manyan zaurukan da ke kewaye da shi, ya san Hajiyar da ta cika leshi ita ake fara yi wa kirari. Sai dai ido ya fara sauyawa. Har yanzu ana son jiki, amma ban da tumbi. Tallar asibitocin Tunisiya da Turkiyya kuwa tana shigowa wayoyin mata ta Facebook da TikTok, da hoton "kafin" da na "bayan", da farashin da ya haɗa har da masauki.

Aikin da ake tallar shi ne tiyatar gyaran ciki, wadda likitoci ke kira abdominoplasti. Ba sabon abu ba ne: tun 1899 wani likitan Amurka, Howard Kelly, ya yanke teɓa mai nauyin fiye da kilo 7 daga cikin wata mata a Baltimo. A yau ana sa mace barci, a tsaga fatar mara daga wannan ƙugu zuwa wancan, a ɗaga fatar cikin har kusa da ƙirji. Tsokoki biyu da ke tsaye a gaban ciki, waɗanda goyon ciki ke raba su, sai a haɗe su da ɗinki. A jawo fatar ƙasa, a yanke rarar, a huda wa cibiya sabuwar kafa. Aikin yakan ci awa 2 zuwa 5. Bayansa akwai robar da ke tsiyayar da ruwa na 'yan kwanaki, da ɗamarar roba ta kamar mako 6, da tafiya a duƙe a kwanakin farko, da tabon da ba ya ɓacewa. Mu masu baƙar fata kuma tabo yakan yi mana tudu.

Abin da tallar ba ta faɗa shi ne wannan ba aikin rage ƙiba ba ne. Aikin tela ne da ke rage rigar da ta yi wa mai ita yawa. Kitse iri biyu ne a ciki: na ƙarƙashin fata, wanda ake iya kamawa da hannu, da na can ciki da ke lulluɓe da hanji da hanta. Wuƙar likita ba ta kai wa na biyun, alhali shi ne ke turo tumbi gaba, shi ne kuma abokin tafiyar ciwon suga da hawan jini. Macen da cikinta ya yi tauri saboda wannan kitsen za ta biya kuɗi, ta sha wuya, ta tashi da tumbinta.

Shi ya sa likitan kirki ke fara auna nauyi da tsawo. Ana raba kilo da tsawon mita sau kansa. In sakamakon ya kai 30, an shiga ƙiba a lissafin likitoci. Mace mai tsawon mita 1.65 da kilo 82 tana kan 30, mai kilo 95 kuma ta kusa 35. Da yawa daga cikin likitocin wannan fanni sun fi son a sauko kusa da 30, nauyin kuma ya tsaya wuri guda na wasu watanni. Dalili kuwa, kitse ba shi da wadatar jini, don haka ɗinki kan buɗe, ruwa ya taru, miki ya ruɓe. Mafi muni shi ne gudan jini da ke daskarewa a jijiyar ƙafa ya tafi ya toshe huhu. Ƙiba tana ƙara wannan haɗari, ɗaure tsokar ciki yana ƙara shi, zaman awoyi cikin jirgi da ɗanyen ɗinki ya sake ƙarawa.

Akwai wani haɗarin da ya fi shafar mu, wanda likitan Istambul ba lallai ya yi tunanin tambaya ba. Mata da yawa da ƙwaya suka tara ƙibarsu, irin wadda ake kira sha-ka-fashe, ta hannun masu tallar magani a bakin hanya. A cikin irin waɗannan ƙwayoyi akwai dekzametazon, wanda ke tara kitse a ciki da fuska, ya siranta fata, ya jawo nankarwa, ya ɗaga suga, ya hana miki warkewa. Wadda ta daɗe tana sha, in ta yanke farat ɗaya ko ta ɓoye wa mai ba da maganin barci, jininta na iya faɗuwa a kan gadon tiyata. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da dangin wannan magani. Kunya a nan ba ta da amfani.

Sai batun haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haifar 'ya'ya fiye da 7 a matsakaici. Ɗaukar ciki bayan wannan tiyata ba ya gagara, amma zai sake buɗe abin da aka ɗinke. Wadda ba ta gama haihuwa ba ta dakata.

Ba na cikin masu cewa duk wadda ta nemi aikin nan 'yar gayu ce. Akwai matan da teɓa ta zubo musu har cinya, a zafin Afrilu da Mayu ƙarƙashinta ya saɓe, ya yi wari, ruku'u da sujada su zama wahala. Irin waɗannan akwai ƙaramin aiki da ake yi musu na cire fatar da ta zubo kaɗai, ba tare da taɓa tsoka ba, kuma magani ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar gyaran jiki don larura da kawar da cuta, ta hana wadda son rai ne kawai.

Kuɗi kuma ba sa sayen kariya. Stella Obasanjo, uwargidan shugaban Najeriya na wancan lokaci, ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005 bayan tiyatar zuƙe kitse a Marbella ta ƙasar Sifen, kuma a 2009 kotu ta samu likitan da laifin sakaci.

Don haka 'yar uwa, kafin ki tura ko dala ɗaya waje, fara da likitan gida. Babban Asibitin Ƙasa yana nan kusa da Gaweye. A auna miki suga, da hawan jini, da yawan jini, a duba zuciya, a duba ko hanji ya ɓullo ta cibiya. In kina shan shisha, ki bari aƙalla wata guda kafin aiki. Ki tambayi mai yi miki aikin takardar ƙwarewarsa, da ko asibitin yana da ɗakin masu ciwo mai tsanani, da wanda zai duba ki in ɗinki ya buɗe bayan kin dawo Yamai. Wanda ya yanka miki farashi daga hoton da kika tura ta WhatsApp, bai tambayi magungunan da kike sha ba, kada ki ba shi cikinki.